Kada Ki Cire Robar Nan Saboda Ni

Assalamu alaikum, 'yata.

Ki yi haƙuri na dame ki da wasiƙa. Ya ƙarfin jiki? Ya mijinki da jikokina huɗu, kishiyoyin nawa?

Ni lafiya lau. Aikin wanki a asibitin nan ba wuya, illa dai sabulunsu ya tsattsage min hannuwa, alwala ma sai a hankali.

Ƙanwar mijinki ta ce za ki je a cire miki robar tazarar haihuwa, alhali likita ya ce mahaifarki ba za ta ɗauki wata tiyatar ba. Wai kina so ki haifa min jika namiji. Laifina ne. Da cikin auta, kayan jarirai na maza zalla na aiko miki. Ban furta komai ba, amma kin ji abin da kayan suka ce. Na roƙi Allah gafara, ke ma ki yafe min.

Zannuwan ɗakin haihuwa ni nake wanke su, na san yadda wasu suke zuwa min. Kada ki cire. In mijinki ne ya matsa, ki ce ni na hana, ya kira ni.

Allah ya raya mana 'yan matan nan. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kafin ranar asibitin.

Surukarki.