Ƙodar da Na Ba Yayana da Aikin da Kuka Karɓe

Zuwa ga Manajan injin casar shinkafa da ke Nasarawa, Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikata. Sunana Nomau, mutumin Augie. Ni ne na yi shekaru a bakin injinku ina sauke buhunan shinkafa shanshera daga mota, ina juyewa ana casa. Na zo ofishinka ba sau ɗaya ba, kullum a ce mini kana taro ko ka tafi Sakkwato. Shi ya sa na kawo maganata fili, ba don in tozarta ka ba.

Na farko, ina so ka ji yadda abin ya faru daga bakina. Yayana Malam Usmanu malamin firamare ne a Argungu. Hawan jini ya daɗe yana cin sa bai sani ba, har ƙodojinsa suka gaza, zuciyarsa ita ma ta raunana. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya huta. Barci kuwa a zaune yake yi, an jingina masa tabarma naɗaɗɗiya a baya, don da ya kwanta numfashi ke yankewa. Likitoci suka ce sai dashen ƙoda, kuma ba a yi a nan. Gwamnati ta ɗauki nauyin kai shi ƙasar waje, amma ƙodar sai dai ɗan'uwa ya bayar. Aka gwada mu, tawa ta dace. Kafin in amsa na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ya ce kyauta don ceton rai alheri ce, sayarwa ce abin gudu. Mahaifiyarmu ta yi kuka, ta ce a ɗauki 'ya'yanta biyu a kwantar rana ɗaya, in aka rasa duka fa? Daga baya ita da kanta ta sa mini albarka.

Kai ka ba ni izinin tafiya, ranka shi daɗe. Har ka riƙe hannuna ka ce Allah Ya saka mini, aikina yana nan yana jirana. Da wannan magana na hau jirgi, ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba.

Na biyu, abin da na tarar. Allah Ya sa aka dace. Malam Usmanu ya koma aji yana koyarwa, yana shan magungunansa, kumburi ya saɓe, yanzu da ƙafa yake zuwa masallacin Juma'a. Ni ma na huta yadda likita ya ce, ɗinki ya warke. Ranar da na dawo bakin aiki, shugaban leburori ya tare ni a ƙofa, ya kasa kallon idona, ya ce, "Nomau, wanga aiki ba na mai ƙoda guda ba ne, haka aka ce daga sama." Ba wanda ya kai ni asibiti aka auna ni. Ba wanda ya ce in ɗaga buhu a gani. An dai yanke hukunci ina can kwance.

Don ka sani, bana na noma fadamar kawuna a Zauro. Ni na yi shuka, ni na yi yanka, ni na yi bugu. Shinkafar ma injinku muka kawo, na sauke ta da kaina, tsofaffin abokan aikina suna tsaye suna kallo. Abin da ya ragu a jikina tabo ne a kwiɓi, sai kuma na rage gishiri a miya.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Korar da aka yi mini ta zama darasi ga sauran ma'aikata, mummunan darasi. Kwanan baya matar wani direbanku ta zubar da jini wajen haihuwa, aka zo neman masu bayarwa. A da, rabin ma'aikata kan tashi. Wannan karon kowa ya sunkuyar da kai, wani ya ce ya ga abin da bayarwa ta jawo wa Nomau. Sai can Ambursa aka je aka ɗauko danginta a kan babur. Ta rayu, amma da ƙyar.

Sai Baba Ɗanjumma, dattijon da ke ɗinke bakin buhu. Na ziyarce shi a gida na ga ƙafarsa. Na san wannan kumburin, na san wannan hakin, a ɗakin yayana na koye su. Zuciyarsa ce. Yana saka dogon wando yana ɓoyewa, ba ya zuwa asibiti ranar da likitan zuciya ke zama, don kada a tambaye shi dalilin fashi. Na ce masa ya tafi, ya ce, "In suka kori mai ƙarfi kamarka, ni mi za su yi mini?" Da yardarsa na ambaci sunansa a nan, bayan na daɗe ina lallashi.

Saboda haka ga roƙona. A kai ni wurin likitan da kuka yarda da shi ya duba ni. In ya ce ba zan iya ba, zan tafi ba tare da ƙorafi ba, in ya ce zan iya, a mayar da ni. A bar mai ciwon zuciya da duk wanda ke kan magani ya je asibiti a ranarsa ba tare da tsoron kora ba, a sauƙaƙa masa aiki maimakon a sallame shi. Kuma ka tara ma'aikata, ka gayyato likita da malami su yi musu bayani, kai kuma ka faɗa da bakinka cewa wanda ya ba ɗan'uwansa jini ko wani sashe na jikinsa bai yi laifi ba. Daga gare ka tsoron ya fito, daga gare ka zai fi saurin gushewa.

In duka sun yi maka yawa a lokaci ɗaya, ka fara da Baba Ɗanjumma. Ni ina da shinkafa a rumbu, zan iya jira. Shi ba na jin zai iya.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka da zuri'arka daga ciwon da zai sa ku nemi wani abu a jikin wani. In kuma Ya ƙaddara, Ya haɗa ku da wanda ba zai ji tsoron bayarwa ba.

Wassalam.

Naka,
Nomau Augie