Wasan talabijin ya sa surukina ya karɓe makullinsa

Anti, dan Allah ki taimaka kafin in yi aika-aika. Ni mai yankan makulli ne, kaf kasuwarmu ba na biyuna, kwaɗo in ya ganni da kansa yake buɗewa. Amma yau raina a ɓace yake.

Akwai wani wasan 'yan sanda da ake sawa a talabijin duk sati. Duk satar da za ai, sai an nuno mai yankan makulli yana danna makullin mutane a sabulu don ya kwafa, haƙoransa jajaye, rigarsa duk maiƙo. Ni ko sabulu wanka kawai nake da shi, shi ma ba kullum ba. Ɗan majalisan da ke aiko ɓarayin kuwa sai ya yi kuka, a sa mai kiɗan tausayi, ya gina asibiti, shikenan an yafe. Talaka ankwa, mai kwat tafi. Wannan wasa ne ko kamfe?

To surukina wasan nan ba ya wuce shi. Tun aurenmu makullin gidansa na ajiya yana wajena. Shekaranjiya ya aiko matata ta karɓa, wai zamani ya lalace. Ni Anti! Ni da na sa mai kwaɗon kyauta. Matata ta ce in share, tsufa ne. Ni ko so nake in je in kwance kwaɗona daga ƙofarsa, in ga ko sufeton talabijin zai zo ya sa mai wani.

Naki,
Sarkin Makullai

Sarkin Makullai,

Ka karanci wasan daidai. Shirin da kullum yake yafe wa mai mulki, yana ɗaure mai sana'a, saƙo yake isarwa, ko masu shi sun nufa ko ba su nufa ba. Ku haɗu da abokan sana'arka ku kai wa tashar kokenku.

Amma surukinka ba shi ya rubuta wasan ba. Tsoho ne da aka tsorata, makullin kuma nasa ne. In ka kwance kwaɗon, ka zama mutumin da aka nuna masa.

Ka je ku kalli shirin tare, ka tambaye shi cikin ladabi wa ya aiko ɓarayin, wa kuma aka ɗaure. Kada ka roƙi makullin. Ranar da nasa ya ɓace, kai zai kira. Ka je da kayan aikinka, ka bar barkwancin a shago.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara kasuwa.