Ni na rufa mata tawul

Omaha, 9 ga Yuni

Aminiyata Eulalia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba Anselmo, yaya masarar bana? Mu lafiya lau, sai dai sanyin mayankar da nake aiki yana kumbura mini yatsu. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfurata na koya.

Akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. 'Yata Imelda, wadda kika tsaya mata uwar baftisma, ta koma cocin Baptis. Ranar Lahadi fastonsu ya nutsar da ita cikin ruwa, wai sabuwar baftisma. Tun kafin ranar na ce mata, "Ke, mu Katolika baftisma ɗaya muka sani, kuma a hannun Eulalia aka yi miki." Ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, wancan ai yayyafi ne, ina barci ma aka yi."

Na rantse ba zan je ba, sai ga ni a bakin ruwan. Da ta fito tana rawar sanyi, ni na rufa mata tawul.

Ban kai wa Fada, limamin cocinmu, laifin nan ba tukuna, ke na fara kawo wa. Ki kunna mata kyandir gaban Uwa Maryamu. Har yanzu 'yarki ce, ko?

Taki,
Jacinta