Kawu da Jar Dawa

Daren Laraba, 1989

Yau rubutuna kan gidajen burkutu na bayan gari ya fito a jarida, da sunan aro. Na sha rana da warin tsami kafin in haɗa shi, ko kurɓa ban yi ba.

Bayan la'asar Kawu ya sa na karanta wa dattawa shi a zaurenmu. Ya yi ta salati: "Wannan marubuci ba shi da mafaɗi!" Na ci gaba da karatu.

Da na zo inda na ce farar dawa ake jiƙawa, sai ya daka tsawa: "Ƙarya yake! Jar dawa ce ke yin ƙarfi."

Dattawa suka juyo suna kallonsa. Kawu ya shiga laluben carbi.

Haba! Ni aka zaga, ni na yi kuskure, kuma gwanin da zai gyara mini ba ya tambayuwa.