Abin da Dada Ta Sha

Talata, 1 ga Yuli, 2025

Na kai nama sansanin 'yan Chana masu aikin titi a hanyar Bakura. Kukunsu, Liu, ya sake zana mini abin da yake so da yatsa a kan tebur. A rubutunsu na Chana, saniya ƙaho ɗaya, rago ƙaho biyu, nama kuwa kamar haƙarƙari a rataye. Ya ce in na iya karanta saƙonsa a waya, ni kaɗai zan riƙa kawo musu. Na gwada da biro, ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai saniyata gurguwa ce.

Asabar, 5 ga Yuli

Biro ba ya ba da kauri da siranta. Na ciro tsohon allona daga bayan ƙofa, na fere alƙalamin kara, na dama tawada. Rabona da shi tun ina Tabaraka. Hannuna ya ɗan yi nauyi kafin in fara, amma na fara. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Na dawo daga mahauta na tarar da allon fes, a jingine yana bushewa.

Kakata Dada ce. Tun da ta baro Gidan Goga take fama da gwiwa, ido kuma ya yi rauni. Ta lalubo allon, ta ga baƙin rubutu, ta wanke a ƙwarya ta shanye. Da bisimilla. "Maigidana, ashe kana tuna ni," in ji ta. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi abin da na ce ke nan, ni ɗan banza.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ta ce gwiwar ta saki.

Lahadi, 13 ga Yuli

Yau ta taka har ƙofar gida ba sanda, tana gaya wa maƙwabta jikanta Muttaka yana rubutun sha. Zainabu ta gidan baya ta aiko da allon mijinta, a yi wa jaririyarta na ciwon kurga. Na ce hannuna na ciwo. Kunya kamar in nutse. A allon da na koyi Fatiha na zana saniyar Chana, tsohuwa ta sha tana sa mini albarka. Liu ya turo saƙo, ban ko buɗe ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na gaya mata, bayan la'asar, tana tsintar wake. Na fara da kewaye-kewaye, ta ce in bar jan rai.

"To mi nis sha ke nan?"

"Saniya, Dada. Da rago. Da nama."

Na so ta zage ni, ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi istigfari, ta ture faifan, ta ce, "Ai sai ka rubuta man na gaskiya." Na ɗauki allo. A aya ta huɗu ta Fatiha na tsaya. Bakina ya sani, hannuna ya manta. Tana zaune tana jin shirun alƙalamin. Wannan ya fi na farkon ciwo.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na je wurin Malam Lado na faɗa masa duka. Ya ce ba da gangan ba ne, amma allo ba tebur ɗin fawa ba ne. Zan riƙa zuwa karatu bayan asuba. Ƙato da ni, da gemu.

Dada ta koma sanda. Ba ta ce mini maigida ba tun Talata.

Alhamis, 24 ga Yuli

Malam ya duba Fatihata ya ce wa ya gyara mini hannu haka. Ban ce Liu ba. Dada ta sha, wannan karon na karanta mata kafin ta wanke.

Na Chana a ƙasa nake yi yanzu, da tsinke, inda ruwan sama ya jiƙa. Saƙon Liu na karanta shi: rago. Ina cikin zana shi kusa da saniya sai ga sandar Dada a gefen hannuna.

"Maigida, wacce ta saniyar tawa?"

Na nuna mata. Ban share ba.