Zoɓon Mama a Teburin Madam Odile

Lyon, 27 Disamba 2011

Yaya Rifkatu,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Mama? Lafiyata lau, sai dai har makon jiya ban san ko aikin kukun nan zai ɗore ba.

Uwar ɗakina, Madam Odile, ta ce in haɗa wa baƙin Kirsimeti abin sha. Sati biyu ina aunawa ina rubutawa, ban gamsu ba. Ƙarshe na rufe littafina, na dafa zoɓo da citta da kanumfari irin na Mama, na tsiyaya giyar shampen a kai. Yaya, kofunan suka yi jajawur, kumfa na ta tashi! Baƙi suka kurɓa, suka nemi ƙari. Madam ta ce aiki ya zama nawa.

Ki tambayi Mama kanumfari nawa take sawa. Da hannu na ɗiba, ga Sabuwar Shekara tafe.

Ƙanenki,
Filibus