Lita Biyu a Vercors

Asabar, 22 ga Yuni, 1996

'Yar farina ta zo daga Lyon hutun kwana uku. Ko a wannan littafi ba na rubuta sunanta. Haka aka tashe mu a Damagaram, kuma shekara goma sha ɗaya a Saint-Denis ba ta sauya ni ba.

Muna cin abinci ta ce ita da 'yan jami'arsu za su tafi yawon ƙafa cikin duwatsun Vercors. Kwana goma, kowa da kayansa a baya, kwana a tanti. Mata shida, maza biyu, da wata malama mai jagora. Na tambaye ta me suka ɓatar a can da za su je nema. Malam, ubanta, ya yi dariya ya ce ai ya riga ya ba ta izini tun watan jiya. Ni ba a shawarce ni ba.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ta baje kayan a ɗaki tana nuna wa ubanta. Takalmi kamar na soja. Jaka ta kusa tsawonta. Da ya fita na ɗauki bidon ɗin, gorar ruwanta ta roba, na juya shi: lita biyu. Ta ce a saman dutsen ruwa yana wuya, wani lokaci sai an wuni ana tafiya kafin a tarar da idon ruwa guda.

Na ce to tsarki fa? Ta sunkuyar da kai. Ban taɓa irin wannan magana da ita ba. Lokacin da ta fara al'ada gwaggonta ce ta zaunar da ita, a hutun da muka je gida. Yarinyar ta ce sauran suna tafiya da takardar bayan gida da ɗan ƙaramin shebur na tona rami, audugar mata kuwa a leda suke ƙullewa su sauko da ita. Jini, a jaka ɗaya da abinci. Allah ya kiyaye.

Na gaya mata abin da yake a littafin fiƙihu: fitsarin mace ba ya gushewa sai da ruwa, ɗigo ɗaya a wando ya isa ya ɓata salla. Na tuna mata abin da gwaggonta ta koya mata, ɗiyar kirki ba ta yar da auduga sai ta wanke ta tas. Sai ta ce:

"Mama, babu wani sauƙi ga matafiyi?"

Na ce matafiyin da larura ta fitar daban, mai yawon ganin duwatsu daban. Na tashi na shiga kicin.

Ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. So nake ta dubi bidon ɗin nan ta yi lissafi da kanta, ta fasa.

Litinin, 24 ga Yuni

Ta koma Lyon. Na cusa mata buta a jaka don ta ji nauyin maganar. Ba ta fitar ba.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ba ta fasa ba. Ta kira daga gar, tashar jirgin ƙasa, da safe, gaisuwa a tsaitsaye, ta ce in yi mata addu'a. Na ce Allah ya shirya. Abin da ya zo bakina kenan.

Lahadi, 7 ga Yuli

Hajiya Husainatu ta tambaye ni yarinyar a wurin suna a Aubervilliers. Na ce tana tare da malamarsu. Yaran yanzu, a ce ɗiya mace ta kwana goma ba wanka, kuma da sunan hutu.

Laraba, 10 ga Yuli

Bayan azahar talho ya yi ƙara. Shafa'atu ce, 'yar Maraɗin da suke ɗaki ɗaya. Ko gaisuwa ba ta ƙare ba. Ta ce an sauko da 'yata daga dutse jiya da zazzaɓi, yau an kwantar da ita asibiti a Lyon.

Malam yana Geneva wurin taro. Gobe zan hau jirgi ni kaɗai.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na same ta da robar ƙarin ruwa a hannu, leɓɓa a tsattsage, idanu sun faɗa. Ta ga ni ta yi ƙoƙarin jawo ɗankwali.

Likitar mace ce, ba ta fi ƙanwata ba. Ta fitar da ni baranda ta kira sunan yarinyar ta tambaya ko ni ce uwarta. Ta ce ciwon mafitsara ne ya hau har ƙoda, ga ƙarancin ruwa a jiki. Da an ƙara kwana biyu, in ji ta, da wata maganar ake. Ta ce abokan tafiyarta sun rantse bidon ɗinta kullum yana ƙarewa kafin na kowa, to ina ruwan yake tafiya? Ta tambaya ko yarinyar tana azumi ne. Na ce a'a. Faransancina na lise, na sakandare, ya gudu ya bar ni, sai "non, Madame" kawai nake.

Ni na san inda ruwan yake tafiya.

Juma'a, 12 ga Yuli

Zazzaɓin ya sauka kaɗan. Ban tambaye ta ba, ita ta fara, tana kallon bango.

Kwana biyun farko ta raba ruwan: na alwala, na tsarki, abin da ya rage na sha. Da ta ga ba ya isa sai ta rage sha don kada fitsari ya matsa mata, in ya matsa kuma ta riƙe har su kai idon ruwa, wani lokaci tun hantsi har la'asar. Rana ta uku al'ada ta zo mata kafin lokacinta. Malamar ta hana wanke komai kusa da idon ruwa saboda mutane da dabbobi suna sha, sai ta riƙa cika buta daga bidon ɗinta tana ɓuya bayan dutse tana wanke audugar. Wata a cikinsu ta ba ta leda da tsumman goge jiki, ta karɓa ta yi godiya, ba ta yi amfani da su ba. Wando ba ya bushewa a cikin jaka, a jiƙe take mayarwa, don ta ji kunyar rataye shi a waje kamar yadda sauran suke yi.

Na buɗe baki in ce wa ya aike ki. Ta riga ni.

"Kafin jinin ya zo ban rasa salla ko ɗaya ba, Mama. Kada ki yi zaton na yi wasa."

Na ce ta sha ruwa. Na riƙe mata kofin.

Asabar, 13 ga Yuli

A ɗakinsu na unguwar La Guillotière nake sauka. Na kwance jakar in wanke kayan. Butar tana can ƙasa, ta lotse a gefe. Kwana shida ta ɗauke ta a baya.

Ina wanki sai kakata ta faɗo mini. Ina shekara goma sha uku muka tafi ƙauye ta'aziyya daga Tanut, kwana uku da jakuna, salka ɗaya. Ranar farko na ɗebi ruwa zan zagaya, ta buge hannuna. Ta ce wannan na ciki ne, wanda ya ce a yi tsarki shi ya ce kada a kashe kai. Ta nuna mini yadda ake gogewa da tsumma a shanya shi a rana, ta buga tafinta a ƙasa ta koya mini taimama. Muka yi sallarmu. Daga baya na tarar da wannan sauƙin a littafi, babi guda da wancan hukuncin da na karanta wa yarinyar.

Na san shi ranar Lahadin nan. Yana bakina lokacin da na shiga kicin.

Talata, 16 ga Yuli

Malam ya iso. Ya ji komai daga likita, ya wuce ni ya zauna bakin gadonta. Da ya yi faɗa da ya fi mini.

Duk da haka da ta zauna a gida da babu abin da ya same ta. Wannan ma gaskiya ne.

Asabar, 20 ga Yuli

Mun dawo da ita Saint-Denis. Kowace awa ina ajiye mata kofin ruwa. Ta ce na mayar da ita shuka.

Laraba, 14 ga Agusta

Ta yi kumari. Yau ta ce a watan Satumba za su koma su ƙarasa hanyar, kwana huɗu ne, likita ta yarda. Ubanta take gaya wa amma ni take kallo. Na ce ba a tambaye ni a farko ba, ba sai an tambaye ni yanzu ba.

Alhamis, 5 ga Satumba

Jibi za ta tafi. Ra'ayina yana nan, ban ga amfanin wannan yawo ba.

Na ɗinka 'yar jaka da ragowar atamfa, tunda yadin yana ajiye ne kawai. Tsumma huɗu masu laushi, kowanne da maɗauri don ta rataye a bayan jaka rana ta busar. Wanduna na auduga. Leda mai kauri da za ta ƙulle na al'ada ta sauko da su, in ta iso gida ta yi yadda ta saba. Kwalbar roba ƙarama da na huda murfinta da allura mai zafi, na gwada, ruwa kaɗan yake ci. Dutsen taimamata mai santsi da na zo da shi daga gida, ko da yake can ba dutse suka rasa ba. Butar na ajiye ta a banɗaki.

Sauran hukuncin na rubuta a takarda, shafi ɗaya da rabi, don ba zan iya faɗa da baki ba. Na fara da cewa ta sha tukuna.

A bakin jakar na ɗinka sunanta, Hassia, da jan zare. Su da yawa ne, kada kaya su haɗu.